Abin da Na Gani a Bayan Kujerar Malam Isuhu

Duk wanda ya karanta tarihi ya san an yi yaƙi a kan sarauta, an yi a kan ruwa, an yi har a kan gishiri, amma ni a iya karatuna ban ga gabar da ta kai zurfin wadda ke tsakanin mutum biyu da aka ce su raba minti goma sha biyu na shirin rediyo ba. Na fara da wannan ne don ku san halin da zuciyata ke ciki lokacin da abin ya faru, kada wani ya ce na ɓoye. Amma abin da na gani na gan shi, wallahi tallahi, kuma da rana tsaka, cikina babu komai sai shayi da burodi.

Shekarun baya ne, ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ina zaune da iyalina a Landover. Kafin nan malamin adabi ne ni a Zariya, shekara goma sha ɗaya ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin rubutun 'ya'yan mutane, kuma halin bai sake ni ba har yau. Ina da ɗan shirina na mako-mako a kan finafinai, ni na kafa shi, ni na raɗa masa suna, har kiɗan buɗewarsa ni na zaɓa. Da watan Oktoba ya zo, lokacin da Amurkawa ke jera kabewa a ƙofar gida suna biyan kuɗi a tsorata su, sai na tsara mako huɗu a kan tsofaffin finafinan nan marasa launi na mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci.

Na yi aiki a kansu, ba yabon kai ba. Na nuna wa masu sauraro cewa labarin yana da ƙa'idoji kamar nahawu. Dole jarumin ya zama ɗan boko wanda bai yarda da camfi ba, dole wata tsohuwa ta gargaɗe shi ya yi mata dariya. Sai a cije shi a daji. Daga nan sai a jira wata ya cika, hazo ya sauko, mai ɗaukar hoto ya tsayar da kyamara a kan hannun jarumin muna kallon gashi na tsirowa kaɗan-kaɗan, da safe ya farka da taɓo a ƙafa bai san inda ya kwana ba. Kuma ba ya mutuwa sai da azurfa, a hannun wanda ke ƙaunarsa, sa'an nan fuskarsa ta koma ta mutum don mu samu abin yi wa kuka. Har dalilin kowace ƙa'ida na kawo.

Sai editarmu, Hajiya Balaraba, ta ce shirin ya yi kama da aji, a sa mini abokin hira. Ta kawo Malam Isuhu, mutumin Nijar daga wajen Tawa, mai fassara labaran safe, dogo siriri mai tabarau, wanda shekara biyu muna ofis ɗaya ban taɓa jin ya yi magana ta wuce gaisuwa ba.

Ranar farko na gama zuba bayanina a kan cikar wata, na juya na ce, "Ko Malam Isuhu yana da abin ƙarawa?" irin tambayar da ake yi don a ce a'a.

Ya matso da bakinsa kusa da makirufo ya ce, "Bon. Farfesa ya yi ƙoƙari. Amma waɗanda sunka yi fim ɗin nan ba su taɓa ganin abin ba."

Na ce, "To, ai babu wanda ya taɓa gani."

Ya ce, "Wata mi ya haɗa shi da zancen? Abin kamar atishawa ne, in ya taho ya taho. Ya ma fi zuwa bayan azahar, sa'ad da gari ya yi tsit. Kuma a wajenmu kura ce, ba kyarkeci ba. Tahiyar ba ta da wuya, Farfesa, dawowar ce wuya. Mutum shina can ciki shina jin komi, amma ya manta hanyar gida, sai ya ji muryar ɗan Adam ta yi mishi magana irin wadda ake yi ma mutum. Shi ya sa a garinmu ko ɗakin ƙanenka ba ka faɗawa. Ka tsaya waje, ka yi sallama, ka jira. Ba ladabi kaɗai ba ne. Lokaci kake ba na ciki."

Injiniyan da ke bayan gilashi, Ba'amurke ne ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma na ga ya ajiye kofinsa.

Jama'a, saƙonni suka yi ta zuwa kamar an buɗe famfo. Daga Maraɗi, daga Gusau, daga Kumasi, har da wani direban tirela da ya ce ya tsayar da mota gefen hanya don ya ji ƙarshe. Kowane saƙo Malam Isuhu, Malam Isuhu. Guda ɗaya ne ya ambace ni, shi ma cewa ya yi a gaya wa ɗayan ya riƙa barin Malam ya gama magana. Mako na biyu Malam Isuhu ya ce bayan an dawo haƙora ne ke ciwo kwana biyu, kuma mutum ba ya iya riƙe ƙaramin abu kamar allura ko maɓalli. Ni da na kwana uku ina shirya bayani a kan ma'anar azurfa, ko tari ba a yi a kansa ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne matata. Nas ce, ta dawo daga asibiti a gajiye, shekara huɗu ba ta taɓa sauraron shirina har ƙarshe ba, tana cire takalmi ta ce, "Baban Safiya, wannan makon ma da Malam Isuhu za ku yi ko? Matan wurin aikinmu 'yan Jos suna tambaya."

Na ce, "Ni ma ina ciki ai."

Ta ce, "Eh, ai kai kullum kana ciki."

Bayan mako na uku Hajiya Balaraba ta kira mu ofishinta, ta ce daga sabuwar shekara mutum ɗaya ne zai riƙe shirin, za ta yanke bayan kashi na huɗu. Ta faɗa tana kallon Malam Isuhu, shi kuma yana kallon takalminsa.

To ni tsohon malami ne, na san warin satar amsa. Ɗalibin da bai taɓa ɗaga hannu ba in ya zo da jawabi mai kyau haka, akwai littafi a ƙarƙashin benci. Na tabbatar wa kaina cewa wani tsohon littafin Faransanci yake da shi, irin na Turawan da suka yi yawo ƙauyuka suna rubuta tatsuniyoyi, yana haddacewa ya zo ya juye mana da muryar nan tasa mai sanyi. In na ga littafin, na ɗauki hoton shafin na ajiye a teburin Hajiya, shi ke nan. Muka yi da Malam Isuhu zan zo gidansa a Silver Spring ranar Asabar ƙarfe huɗu mu tsara kashi na ƙarshe. Ni kuwa na hau jirgin ƙasa tun da wuri, ƙarfe biyu da rabi ina ƙofar benensu, don in riske shi yana bita.

Wata mata mai ɗauke da ledojin cefane ta buɗe ƙofar ƙasa na bi bayanta, na hau hawa na biyar. Ƙofarsa a rufe take amma ba a murza makulli ba, ina taɓawa ta tafi. A nan ne na yi abin da tun ina yaro ban taɓa yi ba. Sallamar ta zo har bakina, na haɗiye ta, don in na yi zai rufe littafin. Kuma ku ji abin dariya, takalmina na cire na jera a bakin ƙofa. Wannan rabin tarbiyyar bai bar ni ba.

Falon da duhu-duhu, an ja labule, amma rana tana shigowa ta gefe har ana ganin komai. Abin da ya fara tarbata wari ne, irin wanda na sani a bayan mahauta in an yi ruwan sama. A kan kujerar cin abinci ga kayansa a ninke tsaf, riga da wando da singileti, a sama an ɗora agogo da tabarau da katin shiga ofis mai igiya. Tebur babu littafi, babu ko takarda. A tsakiyar falo, a ƙasa, babbar roba ce cike da ruwa, kafet ya jiƙe kewaye da ita.

Sai na ji numfashi a bayan doguwar kujera, wadda aka janye daga bango kamar taku biyu.

Na juya a hankali. Akwai baya da ya ɗara kan kujerar tsawo, kafaɗu a sama, sauran jikin ya gangara ƙasa, gashi mai kauri launin toka da ɗige-ɗige baƙaƙe, yana hawa yana sauka. Innalillahi! Ban ji gurnani ba, ban ji kuka ba, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da na koya wa duniya cewa dole ne. Kan ne kawai ya leƙo ta gefen kujerar, ido ɗaya, ya dube ni. Na sha ganin idon dabba. Wannan kunya ce a cikinsa, irin ta dattijon da aka buɗe wa ƙofar banɗaki.

Ban yi dabara ba, kada in yi muku ƙarya. Bakina ne ya yi aikinsa shi kaɗai. Na ji kaina na ce, "Salamu alaikum."

Shiru, sai numfashin.

"Salamu alaikum, Malam Isuhu."

Kan ya koma baya. Na ji kamar ana jan buhu a kan kafet. Na sake yi karo na uku, muryata kamar ta ɗan aji ɗaya. Aka daɗe, wallahi har na ji motar bas ta tsaya a ƙasa ta tashi, sa'an nan wata murya ta fito daga bayan kujerar, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar su a ƙasa. "Wa... alaikumus... salam." Can kuma ta ce, "Farfesa. Juya ka dubi ƙohwa."

Na juya. Abin da na ji a bayana kamar mutum goma ne ke ƙas-ƙas da yatsunsu, ba su gama da wuri ba. Daga baya na ji motsin tufafi, na ji ƙarar igiyar katin nan ta faɗi ƙasa, na ji an buɗe taga.

"To, bisimilla, zauna."

Malam Isuhu ne, da tabaransa, gumi ya jiƙa rigarsa, maɓallan a buɗe ya bar su. Ya dubi agogo ya ce, "Ƙarhe huɗu munka ce."

Na ce, "Jirgin ne ya yi sauri."

Ya shiga kicin ya ɗora shayi. Da ya kawo, ƙaramin kofin ya ƙi zama a yatsunsa, sai da ya tallafe shi da tafin hannu biyu. Muka zauna muna kurɓa kamar waɗanda suka zo ta'aziyya. Can ya ce, "Mi kake nema da ba ka yi sallama ba?"

Ƙarya ba ta zo mini ba. Na ce, "Littafin."

"Wane littahi?"

"Wanda kake karantowa."

Ya fara dariya, sai ya dafe muƙamuƙi ya daina. Ya ce, "Kai, Farfesa. Da akwai littahi ai da na ji daɗi."

Ba mu tsara komai ba. Na sa takalmina, ya raka ni har lif, ya ce in gaida Maman Safiya. A ƙasa na tsaya na tambayi mai kula da benen ko ana barin kiwon kare a gidan, ya ce ko kyanwa ba a bari, an rubuta a yarjejeniyar haya. Kuma ga abin da nake jin nauyin faɗa: a cikin jirgi, abin da ke cina ba tsoro kaɗai ba ne. Shekara ashirin ina karatu a kan labari, shi kuwa Allah ya ba shi nasa a gida. Ko a nan ma ya fi ni.

Ranar Litinin ya riga ni shiga wajen Hajiya Balaraba. Ya ce mata haƙori na damunsa, magana mai tsawo ba ta yi masa, a bar shi da fassararsa. Ta roƙe shi, ta ce, "Haba Malam, mutane kai suke so," ina tsaye a wurin fa. Ya ce, "A ba Farfesa. Shi ya san ƙa'idodi." Kashi na huɗu ni kaɗai na yi. Mun ƙara shekara guda teburinsa na kallon nawa, kullum da safe sai ya riga ni gaisuwa, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka, sai dai duk ranar da na ga ya zo da riga marar maɓalli ba na iya cin abincin rana. Daga baya ya ajiye aiki ya koma wata jiha can tsakiyar ƙasar, inda aka ce gidaje na nesa da juna.

Ban san abin da na gani ba, kuma ban ce ku yarda ba. Matata ma sai yanzu za ta ji. Shawarata dai, in kun je ƙofar mutum, ko amininku ne, ko kun ga ƙofar a buɗe, ku tsaya daga waje ku ɗaga murya, in an yi jinkirin amsawa kada ku ce an raina ku, ku ƙara jira. Kuma in abokin aikinku ya san wani abu fiye da kima, ba dole ne ku gano inda ya koya ba.

Shirin kuwa an ba ni. Na riƙe shi mako bakwai, aka soke shi aka sa na kiwon kaji.