Garin Tuwona a Ranar Pupusa

Shekarun baya, muna zaune a wani flat a Whalley Range, akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar El Salvador a samanmu. Ni ba mai shiga gidan mutane ba ce. Gaisuwa a matakala, shi ke nan.

Wata rana ta tsayar da ni ta ce Lahadi ta biyu a watan Nuwamba ranar pupusa ce a ƙasarsu. Ta yi mini bayani: kwaɓin garin masara ne, a cusa wake da cuku a ciki, a faɗaɗa shi da tafin hannu, a gasa. Tun da mijinta ya rasu ba ta sake yin bikin ba, sai wannan shekarar, har ta gayyato 'yan ƙasarsu daga Birmingham. Saboda mu ta sayi sabon kasko, ta bar naman alade, ta sayo kaza wurin mahaucinmu. Wannan kam ba a ƙi.

Ranar da safe na hau ni da 'yata, muka same ta a zaune. Garin da ta yi oda bai iso ba, baƙi kuwa suna hanya.

Na ce, "Wannan ne abin damuwa? Masara ai masara ce." Na sauka na ɗauko garin tuwona, na ɗaura zani, na karɓe kicin ɗin. Da farko ruwa, sannan gishiri, sannan murza. Na mulmula, na faɗaɗa, ya tsage. Na sake, wake ya zubo. Ashe tasu masarar sai an dafa ta da ruwan toka kafin a niƙa, shi ke sa mata danƙo.

'Yata ta ce, "Mama, ba kowane abu ne tuwo ba fa."

Na ce, "Rufe mini baki, miƙo tsumma."

Maƙwabciyata ta ɗauki waya za ta ce wa baƙi su juya. Na ce abin da ya rage mini a ƙasa garin shinkafa ne kawai, shi kuma ba zai yi ba. Ta ajiye wayar. Ta ce, "Shinkafa? A garin su mijina da ita ake yi. Amma shi ke kwaɓawa, ni ban taɓa iyawa ba."

To, nan fa aka zo fagena. Garin shinkafa ba ya son ruwan sanyi, sai tafasasshe, a tuƙa da muciya. Na tuƙa, ta mulmula, 'yata ta gasa. Na farko ya fito cif, cuku yana naso a gefe. Dattijuwar ta gutsura, ta ce, "Haka nasa yake."

Baƙi suka iso, aka ci da hannu, da kabeji mai tsami da miyar tumatir. Na ci har na daina ƙirga.

Abin da na ɗauka daga ranar: idan ka shiga kicin ɗin wani, fara da tambaya. Har yanzu duk Nuwamba ina hawa sama. Garinta yana isowa a kan lokaci, amma kasko ɗaya na shinkafa ne, kuma ba a ɗora ruwa sai na zo da muciyata.