Ƙoramar da ta hana ni magani

Shekarun baya can, ina 'yar yarinya a wani ƙauye gefen Garhanga, tun ba a fara jera duwatsu a gangaren Keita don tare ruwa ba, na yi wani zazzaɓi da har yau nake tuna shi kamar mafarki. Damina ce. Maƙogwarona ya kumbura, wuyana ya yi kaluluwa, ko fura ba ta wucewa sai da hawaye.

Mahaifiyata ta aiki ƙanenta, kawuna, kasuwar Garhanga, ya sayo ƙwayoyin nan masu kai ja da baƙi a wurin mai tebur. Na yi kwanaki ina sha, sai wata safiya jikina ya feso da ƙuraje jajaye, tun daga ƙirji har tafin hannu. Ni na tsorata, mahaifiyata kuwa saura kaɗan ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdu lillahi, ya hito! Ɗiyata, ciwon ya hito waje."

Ban taɓa ganin laifinta ba. A wurinmu an yarda cewa ciwon ƙuraje in ya fito an tsira, in ya shige ciki shi ke kisa. Yayana ƙyanda ce ta ɗauke shi, kuma kowa ya ce don ba ta fito sosai ba ne. Sai ta ɗauka maganin ne ke koro ciwon, ta ƙara min a kan yadda nake sha.

Ina kwance a rumfa da rana tsaka, duwatsun ƙasarmu ta Adar suna ta lilo a idona, hatsin da ke bayan gidanmu yana kaɗawa kamar yana kirana. Na dubi ɗigo-ɗigon hannuna, na tabbata zabuwa nake komawa. Abin da ya dame ni ba mutuwa ba ne, tsorona kada a yi baƙo a yanka ni. Leɓena ya kumbura, bakina ya fara tsagewa, ni kuwa ina can ina lissafin inda zan ɓoye ƙwaina.

Ana haka ƙwayoyin suka ƙare. Kawu ya kama hanya zai sayo wasu, bai jima ba ya dawo da taɓo har gwiwa. An yi ruwa a kan tudu, ƙoramar da ke tsakaninmu da Garhanga ta kawo maƙil.

"Yaya, ba a ƙetarewa. Ko raƙumma sun tsaya."

"To mi za ni ba ta? In ciwon ga ya koma ciki hwa?"

Ban taɓa ganin mahaifiyata ta rikice irin na ranar ba. Kullum sai ta tafi bakin ƙoramar ta tsaya, ta dawo ido jawur. Ni kuwa rurin ruwan nake ji daga nesa, yana lallashina har barci ya ɗauke ni. Ana ta ruwa, ƙorama ta ƙi janyewa. A kwanakin nan da ba magani leɓena ya saɓe, ƙurajen suka dushe, na nemi tuwo da bakina.

Da hanya ta buɗe aka ɗora ni a jaki zuwa likita. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba wuyana, ya karɓi ɓawon ƙwayoyin ya jujjuya. Ya ce ba ƙyanda ba ce. Akwai irin zazzaɓin da ƙwayar nan ba ta yi masa komai, jiki ne ke yaƙinsa da kansa. In ta tarar da jiki cikin wannan yaƙi, sai ya juya ya far mata ita ma, shi ne ƙurajen. Ya dubi mahaifiyata.

"Hajiya, wa ya ce ku tsai da maganin?"

"Ba kowa. Ruwa ne."

Da na girma an sake gwada ni da irin maganin a asibiti, a gaban likitoci, ko ƙaiƙayi ban ji ba. Ashe haɗuwarsa da wancan zazzaɓin ce ta tayar da rigimar.

Har yau in ruwa ya tare min hanya ba na mita, sai in sami wuri in zauna in saurare shi. Mahaifiyata ba ta sake tayar da zancen ba sai da ta tsufa. Wata damina muna tsaye a bakin ƙoramar nan, ta kama hannuna tana shafawa kamar mai neman ɗigon, ta ce:

"Nan na tsaya ina roƙon Allah Ya janye ruwan ga. Da Ya amsa mini hwa?"