Umma da Masu Sayen Gidanmu

Umma ta yi aikinta kaf a bakin ƙofar wata makarantar renon yara. Ita ce mai miƙa yara ga iyayensu idan an tashi, kuma dokarta ɗaya ce: ba ta ba wanda ba ta sani ba yaro, ko da yaron ya ruga ya rungume shi. Ta taɓa tsayar da wani kaka a rana sai da aka kira uwar yaron a waya. Har ta yi ritaya yaro bai taɓa ɓata a hannunta ba, mun kuwa sha wannan labari har ya ishe mu. Abin da ba mu sani ba shi ne ta taho da dokar gida.

Gidanmu a hawa na uku yake, a wani tsohon bene marar lif, sai dai matakala. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai sake taka ƙasa ba sai ranar asibiti, shi ma maƙwabta ne ke sauko da shi a kan kujera, yana runtse ido don kunya. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa bas lungu-lungu a birnin nan, duniyarsa ta koma daga gado zuwa taga. Saboda haka muka yanke shawarar sayar da gidan mu sayi na ƙasa. Mun ma samu wani ɗan madaidaici mai fili a gaba, mai shi ya ce zai ɗan jira mu sayar da namu.

Dillalinmu, wanda kowa ke kira Dogo, ya zaunar da mu ya yi mana karatu. "Hajiya, kasuwar gida lokaci gare ta. Da sanyi ya ɗaga masu saye ke fitowa, kowa na so ya tare kafin ruwa ya sauka. Bana kuma gidaje sun yi ƙaranci, masu nema sun yi yawa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ke dai in sun zo ki buɗe labule, ki koma ɗaki, ki bar ni da su."

Umma ta ce to. Ni 'yarta ce, na san irin wannan to ɗin.

Na farko wasu mata da miji ne, sabon aure. Ko kicin ba su leƙa ba Umma ta ajiye musu shayi, ta jawo kujera ta zauna a gabansu. Ina iyayenku? Wane aiki kake yi? Ƙarfe nawa kake dawowa? Kuna kunna kiɗa? Don tsohuwar da ke ƙasa da mu ba ta son hayaniya. Suka sha shayin da ƙyar suka fita, Dogo na bin su a matakala yana ba da haƙuri. Ta biyu ta tafi saboda Umma ta nemi lambar wanda zai shaide ta. Na uku Umma ce da kanta ta ce a'a, wai ya wuce maƙwabciyarmu a bakin ƙofa bai gaishe ta ba.

Na ce, "Umma, gida muke sayarwa, ba auren 'ya ba."

"A nan na haife ku. In miƙa wa wanda ban san asalinsa ba? Gobe ya addabi mutane, a ce wa ya kawo shi?"

"To Baba fa?"

"Allah zai kawo na kirki."

Raina ya ɓaci, don ba ka iya faɗa da mutumin da yake ganin amana yake riƙewa. Na roƙa, na yi fushi, na turo Kawu ya yi mata magana. Shi ma shayi ta ba shi, ya tashi yana cewa ai tana da gaskiya.

Sai ga wani mutum mai sanyin magana, ya gaishe da kowa, har ya durƙusa wa Baba. Bai nemi ragi ba. Umma ta saki fuska, ni kuma na fara lissafin kwalayen kwashe kaya a zuci. Da ta tambaye shi ranar da iyalinsa za su tare, ya ce ai haya zai sa.

"Wa zai zauna?"

"Ban sani ba tukuna, Hajiya. Duk wanda ya biya."

Ta ɗauke kofin shayin daga gabansa.

Daga nan waya ta yi shiru. Ruwa ya sauka, masu saye suka watse, allunan sayarwa suka cika titinmu babu mai kallo. Dogo ya daina ɗaga kirana. Wata safiya Umma ta ga maƙwabta sun kusa suɓucewa da Baba a matakala, jikinta ya yi sanyi. Washegari ta ce mini in kira mai sanyin maganar nan, ta yarda. Ta shiga ta gaya wa Baba cewa an gama, yau za a kai shi ya ga sabon gida.

Na kira. Mutumin ya yi godiya cikin ladabi, ya ce ai ya riga ya saya. Dogo ne ya nuna masa wani na ƙasa mai fili a gaba, mai shi ya gaji da jiran wasu.

Na shiga ɗaki na tarar da Baba zaune a bakin gado, ya sa hula, ya sa takalmin fita da kansa. Allah kaɗai ya san yadda ya yi da hannu ɗaya. Ya dube ni, ya dubi Umma.

"Yaushe?" Maganarsa a hankali take fita.

Umma ta ce, "Sai baɗi, Malam."

Ya sunkuya yana kokawa da igiyar takalmin. Umma ta durƙusa za ta kwance masa, ya janye ƙafarsa.