Faɗin Makara

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin kwanon rufi da ƙofofi da katako. Duk inda za a rushe gida a Kumasi, ina isa kafin leburori su isa. Tef ɗin awo ba ya barin aljihuna, kuma da wuya a cuce ni ko da inci ɗaya. Saboda haka kuskuren da na yi ba na rashin sanin awo ba ne.

Lokacin zaɓe, ɗan unguwarmu da ya nemi kujerar asambuli, wato wakilcinmu a majalisar ƙaramar hukuma, ya yi mana alkawari uku. Zai rufe babbar gota, wato kwatar da ta ratsa unguwarmu ta Zango, zai gina shaguna a gefenta, zai kuma gina zauren taro don biki da suna. Mun sha jin irin wannan. Amma shi Onarabul, kamar yadda muke kiransa bayan ya ci, ya taɓuka. An rufe gota da siminti, sauro ya ragu, ruwan sama ya daina shigo mana ɗaki da leda da ɓawon lemu. Zauren taro har yau bulo layi uku ne, awaki ke zama a ciki. Shaguna kuwa an gina su.

An sa ni cikin kwamitin unguwa saboda na san kayan gini. A takarda shaguna tara ne. Da na miƙa tef ɗina sai na ga in aka ci ƙafa biyu daga lungun da ke ƙarshen layin, na goma zai shiga, kuma shi zai fi kowanne kyau, don yana kallon titi. Injiniya ya duba ya ce ragowar lungun ya ishi mutum da babur. Onarabul ya ji daɗi, goma ta fi tara daɗin faɗi a gaban majalisa. Aka rubuta na goman da sunana.

Lungun nan gida ɗaya yake kaiwa. Ka shiga, ka yi taku kamar goma, ka karya hagu, sai ƙofar Mma. Ba ita ta haife ni ba. Da na sauka a garin nan daga arewa, da riga ɗaya da buhu, ita ta bar ni na kwana a zaurenta, tana ba ni koko da ƙosan da suka rage mata a kasuwa. Shekara huɗu na yi a zauren.

Ranar da ake haƙa harsashi, ladanin masallacinmu ya zo. Tsoho ne, shi ke ajiye makara, shi ke yi wa maza wanka in sun rasu. Ya riƙe sandarsa a gicciye ya shiga lungun, ya kai kwana, ya dawo.

"Wa ya auna nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da me?"

Na nuna masa tef.

"Kai ba baƙo ba ne. Ka san lungu a Zango da makara ake awonsa."

Na sani. Mutanen farko, in za su yanka wa wani fili, sai maza huɗu su ɗauko makara daga masallaci su bi da ita. Inda ta wuce ta juya ba tare da ta taɓa bango ba, nan ne hanya, ba mai sa bulo a ciki. Shi ya sa lungunanmu duk ƙuncinsu suke buɗewa a kwana.

Na ce, "Baba, yanzu a asibiti ake mutuwa. Mota ke kawo mutum ƙofar masallaci."

"Mma fa?"

"Mma ai ita za ta binne mu duka."

Bai yi dariya ba. Ya tafi kiran azahar.

Ginin bai kai linta ba Mma ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. 'Yarta ta taso daga unguwar Atonsu ta dawo gidan, muka kai ta babban asibitin da ke wajen Bantama. Bayan kwana tara likita ya ce mu mai da ita gida, a ba ta abin da ranta ke so, bai ga za ta wuce mako ba. A bayana na goyo ta daga mota, ta rufe fuska da mayafi, ba ta ga komai ba. Daga ranar ba ta sake taka tsakar gida ba.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Ta daina cin abinci sai ruwan koko cokali biyu. Ta koma kamar tsumma a kan katifa, amma idonta tar. Ni kuwa an gama shagona, an shafa fenti, na fara jera ƙofofi a ciki, ana jiran ranar buɗewa.

Wata Talata bayan la'asar na shiga gaishe ta.

"Mma, yaya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Baƙina ne aka tare a waje."

'Yarta ta yi mini ido, alamar kullum haka take faɗi.

"Waɗanne baƙi, Mma?"

"Waɗanda suka zo tafiya da ni. Suna nan a kwana, tsaye, tun wancan watan. Da maigidana, da yayata, da mai goron nan mai ido ɗaya. Sun zo da abin ɗauka, ya ƙi juyowa."

Na ce mata zazzaɓi ne. Ta dube ni yadda take dubana a da in na ce mata na ƙoshi.

"Mai goro ya jingina da bangonka. Ya ce simintin mai kyau ne, ba a yi ha'inci ba. Amma ka cire ƙarfen da ya leƙo ta ƙasa, ya yage wa maigidana riga."

Da na fito na tsaya a kwanar. Rana na nan, ana jin hon ɗin motoci daga titi, wata mata na daka a maƙwabta. Na duƙa. Daidai gwiwa, a bayan kusurwar shagona, akwai guntun rodi da magina suka manta ba su yanke ba. Ni da nake bi ta nan kullum ban taɓa lura da shi ba. Farin zare na maƙale a bakinsa. Zare ba abin mamaki ba ne, rabin Zango farar riga suke sawa ranar Juma'a. Na cire shi, na sa aka yanke rodin. Na tambayi 'yarta ko ita ta ba ta labarin ƙarfen. Ta ce wane ƙarfe.

Da na tambayi ladan labarin mai goro mai ido ɗaya, sai ya ce, "Shi ya yanka wa mijinta filin. Ni ina matashi aka binne shi. Wa ya gaya maka shi?"

Washegari na shiga bayan masallaci na auna makarar da tef, tsawo da faɗi, na ƙara kafaɗun mutum biyu. Na je kwana na auna. A miƙe za ta shiga. Juyawa ce ba za ta yi ba, sai an ɗaga ta tsaye ko an karkata ta. Ƙafa biyu cif take nema.

Daga ranar zaman shagon ya gagare ni. Da tsakar rana, in titi ya ɗan yi shiru, sai in ji motsi ta bayan bango, irin na mutanen da suka daɗe a tsaye: a sauya ƙafa, a yi gyaran murya, a ja silifa. In na leƙa, ba kowa. Kajin maƙwabta da suka saba kiwo a lungun sai su kai kwana su tsaya, su juyo. Ban gaya wa kowa ba. Mutum mai iyali da sana'a ba ya yawo da irin wannan magana.

Na koma wajen Mma da dabara. Na ce in lokaci ya yi, bayan shekaru masu yawa, za a iya ɗauko mutum a tabarma zuwa bakin titi, a sa shi a makara a can. Ana yi a wasu unguwanni.

"A naɗe ni kamar kifi?" in ji ta. "Da ƙafata na shigo gidan nan ina amarya, a miƙe. Mijina a miƙe ya fita, a kafaɗar mutane. Ni ba gaggawa nake ba, ɗana. Su ne suka gaji."

Ba ta ce in rushe komai ba. Har ta rasu ba ta ambaci shagon da bakinta ba.

Na sami Onarabul a ofishinsa na ce zan fasa kusurwar.

"Alhaji, ka san abin da kake faɗa? An ɗauki hoto, an kai rahoto, goma aka rubuta. Sati mai zuwa manya za su zo yanka ƙyalle."

"Su yanka a kan tara da rabi."

"Ginin hukuma ne. In ka taɓa shi, sai an karɓe shagon, kuma ba ni da bakin da zan roƙa maka. Saboda mafarkin tsohuwa?"

"Saboda awo. Na auna, bai kai ba."

Shi ma a Zango aka haife shi, kuma ta irin wannan lungu aka fito da kakarsa. Ya ce, "Ranar Alhamis ina da taro a cikin gari. Ba na dawowa sai magariba."

Ranar Alhamis da hantsi na kwashe ƙofofina, na kawo leburori biyu da guduma. Na ja layi da alli, ƙafa biyu daga kusurwa. Simintin kuwa mai kyau ne, sai da muka yi gumi. Mutane suka taru suna kallo, wani ya ce Alhaji ya taɓu, wani ya ce a bar masa bulon da bai fashe ba. Kafin azahar mun kwashe ɓaraguzai, na share wurin da tsintsiya da hannuna. Shagon dai an karɓe shi daga baya, kamar yadda aka gaya mini. Wani mai gyaran waya ke cikin abin da ya rage.

Ina wanke hannu a bakin famfo 'yarta ta fito. Ba kuka take ba tukuna.

"Yaya, Mma ta ce a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kawo ruwa. Wai a yi sauri, sun sha tsayuwa."

Muka shimfiɗa uku. Na ajiye buta da kofi. Da muka koma ɗakin ta riga ta cika, ta juya fuskarta wajen ƙofa.

Bayan la'asar mata suka gama shirya ta. Ladan ya sa aka shigo da makara, ta juya a kwana ba ta taɓa ko'ina ba. Wajen fita ni na ɗauki gaba ta dama. Lungun fayau yake, jama'a duk suna jira a bakin titi. Amma da muka iso kwanar, na ga na hagu ya rage tafiya ya matse kafaɗa, irin yadda ake yi in za a ratsa taro. Ni ma na ji na matse tawa. Ladan da ke gabanmu ya ɗaga sandarsa kaɗan, ya ce a hankali, "Gafara dai, bayin Allah." Muka dakata kamar numfashi biyu, sannan muka wuce da ita.