Wayar Lasifikar Baba

Ran Juma'ar da ta wuce ina zaune a masallacin unguwarmu a Bacirawa, ladan ya ɗauki makirfo, sai lasifika ta yi wata irin ƙara mai huda kunne. Mutane suka yamutsa fuska. Ni kuwa na san ƙarar nan tun ina ƙarami, kuma na san abin da ke jawo ta.

A ƙauyenmu, can wajen Kunci, mahaifina ne mai lasifika. Yana da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da batirin mota da yakan kai caji Ɗanbatta ranar kasuwa, da doguwar waya baƙa da ja wadda ya fi ji da ita fiye da rigarsa ta Sallah. Wayar takan fito ta tagar zaurenmu, ta haye katanga, ta bi reshe har ƙolin rimin da ke ƙofar gida. Can lasifikar take a ɗaure. Ka san yadda ƙasarmu take, gidaje a warwatse cikin gonaki, unguwa na hango unguwa. In Baba ya yi magana a zaure, har matan da ke tsallaken fadama suna ji. Suna, ɗaurin aure, ɓatan akuya, rasuwa, duk ta bakinsa ake sani.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya yi kai ya ƙone a tsaye. Shekara ta juyo, aka sake shuka, aka sake asara. Rumbunmu ya koma sai warin ƙasa da kashin ɓera. Bukukuwa suka ɗauke, sanarwar da ta rage wa Baba ita ce ta mutuwa, ita kuwa bai taɓa karɓar ko sisi a kanta ba. Aka sayar da tumaki, aka sayar da kekensa. Daga nan ido ya koma kan waya, don akwai wani mai gyaran rediyo a kasuwa da ke karɓar ta saboda jan ƙarfen da ke ciki, ya auna maka dawa.

Ba a rana ɗaya ya rabu da ita ba. Yankowa yake yi kaɗan-kaɗan, duk sanda tukunya ta kwana biyu ba a ɗora ba. Lasifika ta sauko daga ƙolin rimi zuwa babban reshe, daga reshe zuwa kan katanga. Wata safiya Inna ta same shi yana auna abin da ya saura da kamun hannu, ta ce, "Malam, wai iyakarta ina ne?"

Ya ce, "Gajarta ba ta ɓata sauti, ya ma fi fita tas. Amma in lasifikar ta matso kusa da makirfo, sai ta riƙa jin kanta tana kururuwa. Nan ne iyakarta."

Kafin damina ta gaba ya kai iyakar. Lasifikar ta dawo bakin tagar zaure. In zai yi magana sai ya rage murya, ya juya mata baya, ya kare makirfo da tafin hannu, duk da haka takan ƙwace masa da ƙara. Maganar kuwa da ƙyar take wuce rijiya.

A wannan bazarar Kaka, mahaifiyarsa, ta kwanta. Ta daɗe tana tura mana kwanonta tana cewa ta ƙoshi, mu kuma yara muna cinyewa. Ta cika da hantsi. Baba ya shiga zaure ya yi sanarwa, lasifika na yanke shi. Maƙwabta na kusa suka zo. Aka aika gidan Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a tsallaken fadama, aka tarar tun asuba ta shiga daji da mata neman ganye, ba wanda ya san inda suka nufa. Dajin nan, a da, muryar Baba tana ratsa shi. Aka jira har azahar. Zafi ya yi yawa, liman ya ce a yi haƙuri a kai ta.

Da la'asar sakaliya na hango Gwaggo tafe ta cikin gonaki, da ƙullin busasshiyar tafasa a ka. Ta kawo wa Kaka ne. Ta ga tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune. Ta tsaya. Ba ta sauke ƙullin ba har Baba ya taso ya same ta.

Ta ce, "Yaya, ban ji ba."

Ya ce, "Ba za ki ji ba. Na sayar da wayar."

Ta daɗe tana kallon rimin, sannan ta ce, "Me aka samu da ita?"

"Dawa."

"Innarmu ta ci?"

Baba ya san amsar, ni ma na sani. Can ya ce, "An dai ba ta."

Gwaggo ta shige cikin gida. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba har ta koma ga Allah. Shi kuma da aka samu damina, hatsi ya dawo, bai sake sayen waya ba. Ya kwashe kayan ya ba masallaci, ya koma gonarsa.

Yanzu kowa da wayarsa a aljihu, ba igiya, ba rimi. Ranar da Baba ya rasu, kafin a gama yi masa wanka labari ya kai Legas da Fatakwal. Kowa ya ji, ba wanda zai ce saƙo bai iske shi ba. Ta'aziyya ta yi ta shigowa har batirina ya mutu. Da muka tsaya yi masa salla na waiwaya na dubi sahu. Mafi yawansu tsofaffin nan ne na kusa da rijiya, waɗanda suka tako da ƙafa.