Ragowar Kuɗin Sashen Sufuri

Lokacin da aka kwaso hukumarmu daga Legas zuwa Abuja, a farkon shekarun casa'in, mu ƙananan ma'aikata ba mu sami gidan gwamnati ba. Na kama ɗaki ɗaya a Hashimi, cikin Suleja, na bar matata da yara a Zariya wurin mahaifiyata, da niyyar in ɗauko su idan abubuwa sun daidaita. Abubuwan kuwa ba su yi gaggawar daidaita ba. Da sassafe bas ɗin ma'aikata yakan kwashe mu a bakin titi, ya dawo da mu gab da magariba, in dafa taliya a risho in ci ni kaɗai.

Akawu ne ni a sashen kuɗi, kuma aikin da aka ɗora mini ba ya jawo wa mutum masoya. Kowane sashe yana da kason da aka ware masa na shekara, da littafin da yake rubuta abin da ya kashe. Ƙarshen wata ni nake bin su ofis-ofis in ji abin da ya rage. Amma littafin nan ba a nuna shi. Za a ba ka kujera, a miƙo goro, a tambayi mutanen gida, sannan shugaban sashe ya faɗa maka adadi da baki, kuma kullum saura kaɗan ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk sashen da aka ga yana da ragowa, kwashewa ake yi a ba wani, baɗi kuma a rage masa kaso. Abin da aka faɗa mini shi nake rubutawa, amma duk da haka kallon ɗan leƙen asiri ake yi mini. Ina shiga bas sai hira ta koma kan tsadar tumatir.

Mutum ɗaya nake da shi a garin nan, shi ne mai riƙe da littafin sashen sufuri. Bakano ne, ya girme ni da kusan shekara goma, yana zaune a Bagama da iyalinsa. Ranar da ya ji daga Zazzau nake, sai ya buga cinya ya ce, "Ashe bawana ne ake ta gudu! Zo nan ka zauna kusa da ubangidanka." Na ce masa ban taɓa ganin Bakanon da ya ba da kujera kyauta ba, ya faɗi kuɗinta tun yanzu. Daga ranar na sami wurin zama a bas, na kuma sami gidan cin tuwon Asabar. Yaransa Kawu suke ce mini, ƙaramar takan lalube aljihuna tun kafin in cire takalmi. Ba zan ɓoye ba, Asabar ɗin nan ita ta riƙe ni a Suleja.

Wata Asabar, bayan mun wanke hannu, ya jawo jakarsa ya fito da littafin. Lissafi ya ƙi haɗuwa, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ce, "Bawana, zo ka yi aikin da aka saye ka dominsa." Ban daɗe ba na gano kuskuren, layi ɗaya ya rubuta sau biyu. Amma a ƙasan shafin na ga ragowarsu ta gaskiya, ta ninka wadda ake faɗa mini nesa ba kusa ba. Ya ga inda idona ya tsaya. Ya ce tarawa suke yi kaɗan-kaɗan don su canza injin bas ɗinmu na Suleja kafin damina, domin in suka nema a rubuce, fayil ɗin zai shekara yana yawo tsakanin Abuja da ofishin da ya rage a Legas. Ya rufe littafin ya ce, "Ka dai sani, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba."

Ba a yi wata biyu ba aka kawo mana sabon darakta. Ya ce zamanin kowa ya rufe tukunyarsa ya wuce. Takarda ɗaya yake so duk wata, mai nuna kason kowane sashe, da abin da ya kashe, da abin da ya rage, a raba kwafi ga dukkan sassa kowa ya ga na kowa. Tsari ne mai kyau, har gobe haka zan ce. Ya kira ni ofishinsa, ko zama bai ce in yi ba, ya ce, "Kai za ka sa hannu a ƙasa. In na tarar da adadin ƙarya, kai zan kama."

Na sauran sassa bai ba ni wahala ba, na rubuta abin da suka faɗa, tunda ban ga wani abu daban ba. Na sufuri ne na gani da idona. Na zauna gaban tafireta da adadi biyu a kaina. Tsakanina da ofishin abokina hawa ɗaya ne, da na sauka na gaya masa halin da nake ciki, da wataƙila mun sami mafita. Ban sauka ba, don na san in ya roƙe ni ba zan iya ƙi ba. Na buga na gaskiya, ina gaya wa kaina cewa ni ba na sa hannu a kan ƙarya. Na daɗe ina wannan taƙama kafin in yarda cewa tsoro ne kawai.

A taron shugabannin sassa, kowa ya fito da ramammen adadi, sufuri kaɗai ke da ƙiba. Nan take aka kwashe kuɗin aka ba wani sashe ya sayi kujeru da labule. Shugaban sufuri bai sha wahalar gano ta inda maganar ta fita ba, ya ba abokina takardar tuhuma kan fitar da littafin ofis zuwa gida. Da ruwa ya sauka, bas ya mutu mana a Zuba, aka ja shi gareji, bai sake fitowa ba. Muka koma kokawar motar haya da kuɗin aljihunmu, kuma babu wanda bai san sa hannun wane ne a ƙasan takardar ba.

Na tare abokina a matakala na ce, "Yaya, ka tsaya in yi maka bayani."

Ya tsaya. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Babu komai, Malam. Aikinka ka yi."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Asabar ta koma ranar wanki. Sau biyu ina zuwa har bakin layinsu in juyo, ina cewa sai ya ƙara hucewa. Haka watanni suka wuce, gaisuwarmu ba ta taɓa yankewa ba, ba ta kuma taɓa wuce gaisuwa ba.

A bakin mai buga mana takardu na ji cewa ya nemi canjin wurin aiki zuwa ofishinmu na Kano, an kuma ba shi. Asabar ɗin makon na sayi lemo da burodi na nufi Bagama, na shirya maganata tsaf tun daga gida. Na tarar da ƙofa a buɗe, ɗakunan an share su fes. Mai gidan, wani dattijo, yana zaune a zaure yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Ya ce ai tun Alhamis suka tashi. Ya ce mutumin kirki ne, gida-gida ya bi yana sallama da neman gafara, mutanen ofishinsu ma sun zo da yawa sun taya shi loda kaya.

Ya dubi ledar da ke hannuna, ya dube ni, ya ce, "Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Wurin aikinmu ɗaya."