Ya Ja Markab Ya Bar Ni a Tsakiyar Bahar

Wallahi iyo bayan shekara arba'in wahala ce. Shekaranjiya ina gwaji a Rusairis, saura sati biyu a yi tseren ƙetare bahar, wato babban kogin nan, sai jijiyar ƙafa ta naɗe mini a tsakiyar ruwa. Masunta suka tsamo ni kamar buhun dawa. Tun ina saurayi garinmu ke shiga tseren nan da ni. In na janye, ban san sunan da za a kira ni da shi ba.

Da suka miƙo mini jabana, gahawarmu mai citta, ƙanshin cittar ya tuna mini da marigayi ƙanen babana, wanda ya koya mini ruwa. Yakan bi ni a markab, wato kwalekwale, yana shan jabanarsa. Wata rana na gaji a tsakiya, na miƙa hannu, sai ya ja markab ya yi nesa.

Na ce, "Baffa, zan nutse!"

Ya ce, "Mai nutsewa bai da bakin surutu. Kwanta rigingine, ka jira tsoron ya gaji."

Na zage shi a zuci har gaɓa. Allah ya yafe mini, ya sanyaya makwancinsa.

Da na koma gida, matata ta ce, "Malam, halas, ya isa haka, ka bar wa yara."

Washegari bayan asuba na sauka bahar, na daɗe tsaye ruwa iya gwiwa, sannan na faɗa.